Yadda Ake Zaɓen Makarantar Kasuwanci Don Digiri Na Biyu: Jagora Ga Ma'aikata Da 'Yan Kasuwar Katsina Da Daura

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, tambaya guda ce ke yawo a ofisoshin sakatariyar jiha, da bankunan da ke kan titin IBB, da shagunan babbar kasuwar Katsina: wace makaranta ce ta fi kyau a yi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci? Masu amsawa kuwa ba su yin wuya. Wani zai ce Zariya, domin can mahaifinsa ya yi. Wani ya ce Kano, domin ta fi kusa. Wani kuma ya ce muddin ba Ingila aka je ba, asarar kuɗi kawai aka yi. Dukkan amsoshin nan an bayar da su ne tun kafin a san wanda ke tambayar da abin da yake nufin yi da karatun. Makarantar da ta dace da jami'in banki ɗan shekara 29 mai son komawa hedikwata a Legas ba ita ce ta dace da daraktan ma'aikata da ya doshi ritaya ba, ba kuma ita ce ta dace da matashin da mahaifinsa ke shirin danƙa masa harkar hatsi da dabbobi tsakanin Daura da Mai'adua ba. Saboda haka ba a fara zaɓe da sunan makaranta, ana farawa ne da aikin da mutum yake son ya riƙa yi bayan ya gama.

Mataki na farko: ka tantance irin digirin da bukatarka ke nema

Ka samu takarda ka rubuta, a cikin jimla biyu ko uku, inda kake son ka kasance shekara uku bayan kammala karatun: wane aiki, a wane gari, a ƙarƙashin wa, ko kuwa kana jagorancin mutum nawa. Idan rubutun ya gagara, to lokacin sayen fom bai yi ba tukuna. Idan kuma ya rubutu, shi ne zai nuna maka wanne daga cikin karatuttukan da ake yawan rikitawa ya shafe ka.

MBA digiri ne na masu aiki. An ƙirƙiro shi a Amurka, inda Jami'ar Harvard ta fara bayar da shi a 1908, kuma tun asali manufarsa ita ce a ɗauki injiniya, ko likita, ko lauya, ko ɗan kasuwa, a koya masa abin da shugaba ke bukata: karanta bayanan kuɗi, tsara kasafi, sanya farashi, tafiyar da ma'aikata, da yanke shawara alhali bayanan da ke hannu ba su cika ba. Yana taɓa fannoni da yawa ba tare da ya nutse cikin guda ba. M.Sc kuwa, ko a harkar gudanarwa ne ko lissafin kuɗi ko tattalin arziki, digiri ne na bincike, kuma shi ne hanyar da ke kaiwa ga digiri na uku da koyarwa a jami'a. A yawancin jami'o'in Najeriya, mai MBA ba ya wucewa kai tsaye zuwa digirin dakta. Sai an nemi ya yi M.Sc ko M.Phil, wanda shi ma digirin bincike ne, tukuna. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane shekaru, musamman malaman kwalejojin ilimi da na fasaha waɗanda ke ɗaukar MBA domin suna ganin ya fi sauƙin haɗawa da aiki, sai daga baya su tarar ba ya cikin abin da ake ƙidaya musu wajen ƙarin girma na ɓangaren koyarwa. Duk mai wannan niyya ya fara tambayar ofishin rajistaran makarantarsa, kuma ya nemi amsar a rubuce.

Akwai kuma wanda ba digiri yake bukata ba sam. Akantan da ke son ya zama babban jami'in kuɗi zai fi cin moriyar jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN, ma'aikacin banki kuma ta cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, CIBN, domin waɗannan takardu ne masu ɗaukar aiki a fagen suka fi tambaya. Wanda zuciyarsa ke kan harkar kuɗi ta Musulunci, wadda ta buɗe sosai tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, na farko a 2017, ya duba cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Jami'ar Bayero, ko INCEIF, jami'ar harkar kuɗi ta Musulunci da babban bankin Malesiya ya kafa a Kuala Lumpur a 2005, kafin ya ɗauki MBA na gama-gari wanda mai yiwuwa darasi ɗaya tak zai ba shi a kan abin da yake so.

Mataki na biyu: ka duba takardunka

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma ana yawan barinsa sai ƙurarren lokaci. Galibin jami'o'inmu suna neman kiredit biyar a sakandare ciki har da Turanci da Lissafi, da digirin farko mai daraja ta biyu, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai babbar difloma ta HND, kamar ɗimbin waɗanda suka fito daga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, da mai digiri na daraja ta uku, da sau da yawa wanda ya karanta fannin da ba shi da alaƙa da kasuwanci, ana tura su su fara yin difloma ta gaba da digiri, wato PGD, wadda ke cin kusan shekara guda. Ka sa wannan shekarar cikin lissafinka tun yanzu. Takardar da ta fi ba da wahala ita ce ta jerin makin darussa, wadda tsohuwar makarantarka za ta aika kai tsaye ga sabuwar. Ka nemi a fara shirya ta watanni kafin a buɗe sayar da fom. Ka kuma tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda, domin bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya tsayar da tantancewa har sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Mataki na uku: ka tabbatar da halaccin makarantar da na kwas ɗin

A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce ke ba jami'a lasisi, kuma ita ce ke amincewa da kowane kwas daban. Wannan bambanci yana da muhimmanci: jami'a na iya zama halattacciya alhali wani sabon kwas da ta buɗe bai samu amincewa ba tukuna. Hukumar tana wallafa jerin jami'o'in da ta amince da su a shafinta na intanet, tana kuma fitar da sunayen na bogi lokaci zuwa lokaci. Ta daɗe da hana buɗe rassan karatu barkatai a garuruwan da ke nesa da harabar jami'a, saboda haka idan aka ce maka wata jami'a ta Kudu tana bayar da MBA a wani ajin makarantar sakandare a cikin gari ranar Asabar, ka tambayi takardar izinin wannan cibiya kafin ka tambayi kuɗinta.

Haka nan a yi hattara da cibiyoyin da ke shirya taron kwana uku a otal su raba takarda mai ɗauke da sunan MBA, wani lokaci ma har da digirin girmamawa da hula da alkyabba. Taron ƙara wa juna sani ba laifi ba ne, kuma ana iya ƙaruwa da shi, amma ba digiri ba ne, kuma ranar da aka zo tantance takardun ma'aikata ba zai tsaya ba.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin dalilin lura. Tsallakawa Maraɗi ko Yamai ko Kwatano neman karatu abu ne da aka saba, kuma akwai makarantun kirki a can. Sai dai a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri a Kwatano cikin makonni shida. Waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah ma abin ya shafe su. Kowace takardar ƙasar waje sai ta bi ta sashen tantancewa na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja kafin ta yi amfani a aikin gwamnati, don haka can ya kamata a fara tambaya game da makarantar, ba wurin dillalin da ke cin kamasho a kan kowane ɗalibi ba.

A matakin duniya akwai hukumomi uku masu zaman kansu da ke tantance makarantun kasuwanci: AACSB ta Amurka, da AMBA mai mazauni a Landan, da EQUIS ta Turai. Makarantu kaɗan ne suka haɗa ukun, cikinsu har da ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu da ta Jami'ar Amurka da ke Alƙahira. A gida, Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, ta samu ta AACSB da ta AMBA. Wannan shaida tana da nauyi ga wanda zai nemi aiki a kamfanonin ƙasa da ƙasa. Ga ma'aikacin jiha kuwa, amincewar NUC ce ke aiki, sauran ƙari ne.

Mataki na huɗu: ka auna tsarin karatun da rayuwarka, ka kuma auna hanya

Mutane da yawa da suka bar MBA a tsakiya ba wahalar darasi ce ta kore su ba. Zirga-zirga ce da aiki da iyali. Saboda haka makarantar da za ka iya gamawa ta fi wadda za ka yi alfahari da takardar shigarta kawai.

A cikin jiha muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006, da Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta wadda ta fara a 2005, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka buɗe a 2011, ga kuma cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, a cikin birnin Katsina. Kwasa-kwasan da kowace ke bayarwa suna sauyawa, don haka sanarwar sayar da fom ta wannan shekarar ce abin dogaro, ba abin da abokinka ya tarar shekara biyar da suka wuce ba. Amfanin karatu a gida a fili yake: kana kwana a ɗakinka, kana zuwa ofis, kuma abokan ajinka su ne mutanen da za ka ci gaba da hulɗa da su a ma'aikatu da bankuna da kasuwannin jihar. Raunin kuma daga nan yake fitowa, domin mai yiwuwa rabin ajin ka riga ka san su, kuma tunaninku iri ɗaya ne.

Kano tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa mazauni aka buɗe a 2018. Ajin Kano yakan haɗa masu masana'antu, da 'yan Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da ma'aikatan manyan kamfanoni, kuma ga ɗan kasuwar Katsina ko Daura wanda dama can yake saro kaya, wannan cuɗanya kaɗai tana iya biyan kuɗin tafiyar. Amma a yi lissafi da idon basira. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne ta Charanci da Kankiya da Bichi. Mutumin Daura kuma ta Kazaure zai bi. A ce zangon karatu mako 15 ne, kuma zango uku za a yi ana shiga aji: tafiya 45 ke nan zuwa da dawowa, kowace da kuɗin mota, da wurin kwana, da abinci, da ranar Juma'ar da za a bar ofis da wuri. Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana horar da masu mulki da gudanarwa tun daga harabarta ta Kongo, ta fi sauƙi ga mutanen Funtuwa da Bakori da Malumfashi fiye da na shiyyar Daura. Halin tsaro a wasu hanyoyin jihar ya sa dole a tambayi ƙarfe nawa ake tashi daga aji ranar ƙarshe, domin jadawalin da zai tilasta maka tafiyar dare duk mako ba jadawalin da za a amince da shi ba ne.

Karatu daga nesa ya rage wannan wahala. Cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana bayar da MBA ta intanet, haka ma NOUN. Ga matar aure mai ƙananan yara, ko jami'in da ake yawan yi wa sauyin wurin aiki, wannan na iya zama hanya ɗaya tilo, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai tana bukatar kwamfuta ta kanka, da wuta ko sola, da data mai yawa, da horon kai wanda ba kowa ke da shi ba, tunda babu malamin da zai lura ba ka zo ba. A tambayi inda ake rubuta jarrabawa, domin sau da yawa ita dole a je a zauna a wata cibiya. A kuma sani cewa ɗalibin nesa yana samun darasi, amma ba ya samun hirar bayan aji, wadda a irin wannan digiri take da rabin amfanin.

Sai batun yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a 2020 an yi wanda ya fi shi tsawo. Jami'o'i masu zaman kansu ba su shiga wannan, shi ya sa tsadarsu wani lokaci take zama araha ga wanda lokaci ke matsa wa.

Mataki na biyar: ka je ka gani da idonka, ka nemi waɗanda suka gama

Wannan ne matakin da ya fi kowanne faɗa maka gaskiya, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Takardar talla da shafin intanet makaranta ce ta rubuta su. Abin da ba ta rubuta ba yana bakin tsofaffin ɗalibanta, kuma a gari irin namu samunsu ba wuya: a masallacin unguwa, ko wurin ɗaurin aure, ko ofishin da ke kusa da naka za ka tarar da su. Ka nemi aƙalla mutum uku daga kowace makarantar da kake dubawa, kuma ka fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce, domin su ne suka ga abin da takardar ta haifar, kuma ba su manta yadda karatun ya kasance ba.

Kada ka tambaye su ko makarantar na da kyau, domin kunya da kara za su sa kowa ya ce alhamdu lillahi. Ka tambayi abin da ke da amsa guda. Wata nawa aka ce za a yi, wata nawa aka yi a zahiri? Tsakanin jarrabawar ƙarshe da karɓar takardar shaida tsawon wane lokaci aka ɗauka? Ku nawa ne a aji? Malamin da aka rubuta sunansa a jadawali shi ke zuwa, ko wakili yake turowa? Mai duba kundin bincikenka sau nawa kuka zauna, kuma ɗalibai nawa ke hannunsa? Akwai kuɗin da aka karɓa wanda ba ya cikin sanarwa? Tambayar ƙarshe ita ce mafi muhimmanci: wane abu guda kake yi a wurin aiki yau wanda ba ka iya shi ba kafin ka shiga? Idan mutum uku a jere suka yi shiru suna tunani, sannan suka ce ai dai an samu takarda, to ka samu amsarka.

Bayan haka ka nemi izini ka zauna a aji sau ɗaya. Ka ce wa jami'in sashe, "Ranka ya daɗe, ina da niyyar neman gurbi, ina roƙon a bar ni in saurari darasi guda." Makarantar da ta amince da kanta ba ta ƙin wannan. A cikin ajin ka lura da wanda ya fi yin magana. Idan malami ne ke karanto rubutu daga farko har ƙarshe ɗalibai na kwafa, to digirin farko ake maimaitawa da sabon suna. Ajin gudanarwa na gaske yana ɗauko labarin wani kamfani da matsalar da ta same shi, a ba ɗalibai alƙaluman, a ce kowa ya faɗi abin da zai yi da shi ne shugaba, sannan a yi gardama. Ka kuma lura da misalan da ake kawowa. Sanin yadda Toyota ke tsara masana'antarta abu ne mai amfani, amma malamin da zai iya bayyana dalilin da ya sa masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, ko yadda za a tafiyar da kamfanin iyali bayan rasuwar mai shi an raba gado, ko yadda rufe iyaka a 2019 ya sauya lissafin 'yan kasuwar Jibiya, shi ne yake koyar da abin da za ka tarar ranar Litinin.

Abokan aji ma abin dubawa ne. Idan mafi yawansu jiya suka gama bautar ƙasa ba su taɓa riƙe aiki ba, mai shekara goma yana aiki zai bayar ne fiye da yadda zai karɓa. Irinsa ya nemi tsarin da aka ware wa manyan ma'aikata, inda ake sharɗanta shekarun ƙwarewa kafin a ɗauki mutum.

Mataki na shida: lissafin kuɗi

Kuɗin makaranta shi ne kaɗai ake rubutawa a sanarwa, amma ba shi kaɗai ake kashewa ba. Ka haɗa kuɗin fom, da na karɓar gurbi, da rajistar kowace shekara, da littattafai, da sufuri, da masauki, da data, da buga kundin bincike, sannan ka ƙara wani kaso saboda hauhawar farashi da yiwuwar karatun ya zarce lokacinsa, tunda shiga sabuwar shekara na nufin sabuwar rajista. Wanda zai ajiye aiki ya yi karatun cikakken lokaci ya ƙara albashin da zai rasa. Ɗan kasuwa kuma ya tambayi kansa wa zai tsare shago ranakun da ba ya nan, da abin da jarin da zai zuba a karatun zai kawo da a kaya aka sa shi. Jimillar nan ita za a gwada da ƙarin da ake sa ran samu. A aikin gwamnati ƙarin girma yana bin shekaru da jarrabawa da samuwar gurbi, kuma digiri na biyu ba ya ɗaga mutum kai tsaye. Wanda ya ci bashi yana jiran albashi ya ninka zai daɗe yana jira.

Game da tallafi, malaman manyan makarantun gwamnati suna da hanyar TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantunsu, kodayake ta fi karkata ga digirin bincike. Wasu bankuna da kamfanoni suna biya wa ma'aikatansu bisa sharaɗin za su zauna wasu shekaru bayan gamawa. A karanta wannan yarjejeniya da kyau kafin a sa hannu. Kowane kuɗi kuma a biya shi ta hanyar da makarantar ta sanar, wadda a jami'o'in tarayya ita ce Remita, ba cikin asusun wani mutum da ya ce zai taimaka ba.

Ga mai niyyar fita waje

A Amurka MBA shekara biyu ne bisa al'ada, a Ingila da sauran Turai kuwa galibi shekara ɗaya. Makarantar kasuwanci ta INSEAD da ke Faransa wata goma take yi. Manyan makarantu suna neman sakamakon jarrabawar neman shiga ta GMAT ko GRE. Sabon tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023 yana da sassa uku, kowanne minti 45, makinsa daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki shekara biyar. Jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL kuwa shekara biyu take yi, don haka kada a yi gaggawar rubuta ta. Shirin gaba ɗaya, daga karatun jarrabawa zuwa samun biza, yana bukatar a fara shi fiye da shekara guda kafin tafiya.

Jerin gwanayen makarantu da jaridu ke fitarwa yana da amfani, amma a san abin da yake aunawa. Na jaridar Financial Times ya dogara sosai ga albashin tsofaffin ɗalibai shekara uku bayan sun gama, wanda ke nufin makarantar da ɗalibanta ke shiga bankunan Landan da New York za ta hau sama ko da ba ta da abin da za ta koya wa mai niyyar dawowa ya kafa kamfanin sarrafa riɗi a Katsina. Mujallar The Economist ma ta daina fitar da nata jerin a 2022. Tazarar da ke tsakanin makaranta ta 40 da ta 55 a jerin ba abin da za a biya miliyoyi a kai ba ce.

Babban haɗari shi ne canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗalibin da ake bi dala 20,000 ya tashi daga neman kusan naira miliyan 9 zuwa miliyan 30 ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba, kuma da yawa sun maƙale a tsakiyar karatu. Kada a tafi sai kuɗin shekarar gaba ɗaya yana hannu, a kuɗin ƙasar da za a je. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 Ingila ta hana ɗaliban digiri na biyu da ba na bincike ba tafiya da mata da 'ya'ya. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu da alkawarin dawowa gida na shekara biyu, kuma yana da iyakar abin da yake biya wa mai MBA, ragowar ɗalibi ne zai cika.

Mataki na ƙarshe: nema da yanke shawara

Ka rage jerinka zuwa makarantu uku: wadda kake buri, da wadda kake da kyakkyawan zaton samu, da wadda ka tabbata ba za ta ƙi ka ba. Masu rubuta maka takardar shaidar hali da ƙwazo su kasance waɗanda suka ga aikinka da idonsu, kamar shugabanka na ofis ko malamin da ya duba kundinka na digirin farko; takardar babban mutum wanda bai san ka ba sai ta hanyar mahaifinka ba ta da nauyin da ake zato. Inda aka nemi bayanin dalilin neman karatu, jimlolin da ka rubuta a mataki na farko su ne gindinsa, kuma da hannunka za ka rubuta shi, domin a ganawar baki za a tambaye ka a kansa.

Ka yi shawara da iyalinka kafin ka biya kuɗin karɓar gurbi, tunda su ne za su rasa ka a ƙarshen mako na tsawon shekara biyu, sannan ka yi istihara. Ma'aikacin gwamnati ya rubuta neman izinin karatu ta hannun shugaban sashensa zuwa ofishin shugaban ma'aikata, ya jira amincewa a rubuce kafin ya yi rajista, domin takardar da aka samo ba da izini ba tana iya fuskantar tangarɗa ranar da aka kai ta a sa a fayil. Ka ajiye kwafin takardar gurbin, da ta izinin, da kowane rasit na biyan kuɗi a wuri guda, domin za a sake neman su ranar karɓar takardar shaida.